Tsakanin Gadon Baba da Bango

Ku yi haƙuri da ni yau, 'yan uwa. Na saba zuwar muku da labarin kwalliya da tsokanar saurayi, amma yau tsoro ne ya zaunar da ni.

Ga wadda ba ta san ni ba, sunana Muhibbat, 'yar fari a gidan Alhaji Shehu da ke Gyadi-Gyadi, can bayan Court Road. Mai nemana sunansa Junaid, ɗan Tarauni ne, yana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a wata kwalejin horar da malamai. Ba wanda ya haɗa ni da shi. Ni na gani na ce ina so, kuma har gobe ina so. Abin da ba wanda ya sani a duniyar nan shi ne ko mahaifina yana so.

Kafin azumin da ya wuce, da manyan Junaid suka turo da maganar aure, Baba ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike, kamar yadda kowane uba yake yi. Wata Laraba ya sa farar shaddarsa da hula zanna, ya ce wa Umma zai leƙa Tarauni wajen wani tsohon abokin aikinsa da ya san gidan su yaron. Gab da la'asar ya dawo. Umma ta ce bai ce da ita komai ba, buta kawai ya ɗauka. A kan darduma muka same shi, ɓarin jikinsa na dama ya saki, bakinsa ya karkace.

Daga baya an tambayi abokin nasa, ya ce shi dai alheri ya faɗa. Amma ya ce da suka rabu ya hango Baba a ƙofar masallacin unguwar yana magana da wasu mutane, bai san ko su waye ba. To me suka gaya masa? Abin da ya jiyo ne ya kayar da shi, ko dama ciwon yana tafe? Amsar tana cikin kan Baba, kan kuma ya kulle.

Likita ya ce yana ji, yana gane yawancin abin da ake faɗa, maganar ce ba ta fita. Kalma ɗaya tak ciwon ya bar masa. Duk faɗin Hausa, a rasa wadda za ta rage masa sai “to”. Ku da kanku kun san halin kalmar nan. Akwai to ta na yarda, akwai to ta kashedi, akwai to ta na ji tashi ka ba ni wuri. Da Baba yana da lafiya, daga yadda ya ja ta muke sanin ko za a kwana lafiya a gidan. Yanzu duk iri ɗaya take fitowa, a kwance, ba hawa ba sauka. A ba shi kunu, to. A ce masa wane ya rasu, to.

Ni nake jinyarsa. Ƙannena maza suna makaranta nesa da gida, Umma kuma gwiwoyinta sun hana ta tsayuwa mai tsawo. Akwai ma'aikacin jinya da yake zuwa da safe ya yi masa wanka ya sauya masa kaya, daga nan har dare ni ce. Ni ce abinci, ni ce magani, ni ce gyara matashi, ni ce fifita idan an ɗauke wuta fankar caji ta mutu. Abin dariya, wai ni. Mutumin da tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari, sai dai “ke” ko “yarinyar nan”. Bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, bai taɓa kallona ido cikin ido ba. Yau ni nake goge masa baki. Ina ba shi abinci idona a kan cokali, shi kuma idonsa a kan bargo, haka muke wuni kamar surukai.

Junaid yana zuwa duba shi duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kuma duk ranar da ya yi sallama a ƙofar ɗakin, abu ɗaya ne yake faruwa. Baba zai juyar da kansa ya fuskanci bango. Junaid zai durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa sannu, ya yi addu'a, Baba ba zai juyo ba har ya fita. Ni kuma in zari mayafina daga jikin ƙofa in bi shi falo mu gaisa.

Ranar Litinin ƙanin Baba, Baffa Mu'azu, ya zo gidan da magana. A falo ya zauna ya cire hula ya ɗora a gwiwa, Umma tana kan tabarma ta miƙe ƙafa, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa.

“Hajiya, mutanen Tarauni sun sake kirana,” in ji shi. “Suna so su zo ranar Asabar a sa rana. Kuma gaskiya sun yi haƙuri. Ni na yi nawa binciken, ban ji wani aibu ba. Amma ba zan ba da 'yar Yaya yana raye yana juya wa yaron baya ba.”

Umma ba ta saba sa baki a maganata ba, ita ma kunyar ce. Sai da ta gama gyara ɗankwalinta sannan ta ce, “Mu'azu, ba jiya na zo gidan nan ba. Alhaji idan ya ƙi mutum kallonsa yake yi, ya tsare shi da ido har sai ya rasa inda zai sa kansa. Wanda yake kawar wa kai, kunyarsa yake ji. Ka taɓa ganin ya kalli mijin 'yar wansa a fuska? Ya riga ya ɗauki yaron nan suruki, shi ya sa.”

“Wannan lissafinki ne.”

“Lissafin da na ci tuwo da shi shekara da shekaru.”

Baffa ya girgiza kai. “Ni cikinmu ɗaya da shi. Na kwanta na sa kaina a inda yake. Na ce da ni ne a gadon nan, ba baki, yaron da nake so ya auri 'yata ya shigo, me zan yi? Wallahi hannu zan miƙa masa, ko da na daƙiƙa ɗaya ne, don a gane. Wanda kuwa na jiyo wani mugun abu a kansa, na kasa faɗa, ba abin da zan iya sai in juya masa ƙeya. Ni abin da na ji a jikina ke nan.”

Umma ta kawar da kai, na san ba ta yarda ba.

Sai Baffa ya waiwayo gare ni. “Muhibbat, ke kike wuni da shi. Ki lura da kyau. Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo, abin da kika ce min shi zan gaya wa mutanen nan. In kin ce ya yarda, su zo. In kin ce bai yarda ba, in ba su haƙuri, kowa ya kama gabansa.”

Na ce, “To, Baffa.” Kun ji ni, ni ma da tawa to ɗin.

Da na shiga ɗaki na tura wa ƙawata Sadiya duk yadda aka yi. Da na sani ban tura ba.

Ta rubuto: “Ni fa Baffanku nake bi. Mutum ya je bincike ya dawo ya faɗi? Ki yi tunani mana.”

Na ce: “Hawan jini gare shi tun da.”

Ta ce: “Eh, me ya hau da jinin ranar? Irin salihan nan masu magana a hankali su ne abin tsoro. Kuma ke da bakinki kika ce aikinsa karantar mutane. Wanda ya iya karanta fuska ai ya iya ɓoye tasa.”

Na kife wayar a kan katifa. Amma maganar ta riga ta shiga, ta samu wuri ta zauna. Na dinga tuno duk lokutan da Junaid ya riga ni faɗin abin da ke raina. In na yi fushi ya sani kafin in buɗe baki. In ina jin yunwa ya sani. Da, wannan ne abin da ya fi burge ni da shi. A ranar sai na ji kamar wadda ta gano tagar ɗakinta a buɗe take tun tuni, ita ba ta sani ba.

Ranar Laraba da yamma ya zo, ba ranar zuwansa ba, don na ce masa akwai magana. Na sa doguwar riga ruwan toka da baƙin mayafi, ko hoda ban shafa ba. Shi kuwa yana cikin yadi ruwan ƙasa mai ɗinkin tazarce, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga falo. Ya ajiye ledar lemo da ayaba ta Baba, ya dube ni sau ɗaya.

“Ba ki yi barcin kirki ba.”

“Ka daina karanta ni, Malam.”

Ya yi murmushi ya zauna. Na kwashe yadda Umma da Baffa suka yi na gaya masa, ban rage komai ba sai saƙon Sadiya. Ya saurara har na gama, yana juya makullin motarsa a hannu.

“Kin san rigimar gidanku tsohuwa ce?” ya ce. “Masana falsafa sun daɗe suna yin ta. Tambayar ita ce, ta yaya nake sanin abin da ke ranki, alhali ban taɓa shiga ciki ba? Wasu suka ce zuciyar mutum ɗaki ce a kulle, kai kana waje. Sai dai ka tara alamu, ka haɗa da ƙa'idojin da ka koya a zaman duniya, ka ce duk wanda ya yi kaza, kaza yake nufi. Umma ke nan.”

“Kar ka sa min uwa a darasinka.”

“Wasu suka ce a'a, ba lissafi muke yi ba. Kanmu muke ara wa mutum. Mu shiga rigarsa, mu ji abin da za mu ji, sannan mu ce shi ma haka yake ji.”

“Baffa.”

“Baffa.”

“To wa ya fi gaskiya a cikinsu?”

Ya ajiye makullin. “Umma ta tara ƙa'idojinta ne a kan mutum mai baki da ƙafa. Ban sani ba ko har yanzu suna aiki. Baffa kuma da ya kwanta a gadon, da hannayensa biyu ya kwanta. Hannun da ya rage wa Baba hagu ne, Muhibba. Kin taɓa ganin dattijo kamarsa ya miƙa wa baƙo hagu?”

Ban taɓa tunanin wannan ba. Na ji sanyi ya ɗan ratsa ni, sai kuma wata zuciyar ta ce, ji yadda ya warware wadda ba ta yi masa daɗi ba cikin sauƙi.

Ya ci gaba. “Akwai kuma waɗanda suka ce duka biyun daga nesa suke leƙe, kamar masu kallon ƙwallo. Suka ce fushi ba a bayan fuska yake ɓoye ba, a fuskar yake, da murya, da yadda jiki yake motsi. Jariri bai iya lissafi ba, bai iya sa kansa a matsayin kowa ba, amma uwarsa ta ɗaure fuska sai ya fashe da kuka. Sai dai ba ka gani sai kana cikin mu'amalar. Ka yi, ya mayar maka. Ya yi, ka mayar masa.”

“Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da nake?”

“Na sani.”

Na daɗe ina murza bakin mayafina. Sannan na yi tambayar da ta hana ni sukuni. “Junaid, tsakaninka da Allah. Akwai abin da Baba zai iya jiyowa a kanka?”

Na so ya ce babu. Na so ya rantse, ko ya yi fushi ma. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce, “Ba wanda za a zagaya unguwarsu a rasa mai faɗin wani abu a kansa. Ni ban san na yi abin da zai hana a ba ni aure ba. Amma ban san da wa ya yi magana ba, ban san me aka ce masa ba. Ni ma tsoron nake ji.”

Na kalli fuskarsa iya kallona. Gaskiya na gani, ko gwaninta? Wallahi ban sani ba. Wanda nake shirin ba wa rayuwata yana zaune a gabana, bakinsa lafiya lau, yana magana da cikakkiyar Hausa, shi ma na kasa rantsuwa a kan abin da ke ransa. Balle wanda ya rage da kalma ɗaya.

Washegari ina ba Baba kunun gyaɗa wani abu ya faɗo min. Gadonsa a jingine yake da bango ta hagunsa. Duk mai shigowa ta damansa yake tsayawa. Idan ya juya wa Junaid kai, ɓarin fuskar da muke gani shi ne wanda ciwon ya shanye, wanda ko ƙuda ya sauka a kai ba ya motsi. Ɓarin da yake da rai yana can cikin matashi, yana kallon bango. Watanni ke nan Umma da Baffa suna musu a kan fuskar da ba wanda ya gani a cikinsu.

Da safiyar Juma'a na ce wa ma'aikacin jinyar ya taimaka ya ɗan janyo gadon, wai zan share bayansa. Ya janyo daidai yadda mutum ɗaya zai iya raɓawa. Na share ɗin kuwa, don kar in zama maƙaryaciya, amma ban ce ya mayar ba.

Ban iya cin abincin rana ba. Likita ya ja mana kunne kar a tayar masa da hankali, don in ciwon ya sake kayar da shi karo na biyu ba lallai ya bar shi ba. Idan abin da ke fuskar nan ƙiyayya ce fa? Idan na matsa masa ya sake faɗuwa a hannuna? Idan kuma na gani ɗin, na tabbatar Junaid ba mutumin kirki ba ne, ina zan kai son da nake masa? Na yi alwala na yi sallah, na yi ta maimaita addu'a ɗaya har na daina jin ma'anarta.

Da na ji tsayuwar motarsa a waje, na rataye mayafina a ƙarfen kan gadon, na raɓa ta bayan gadon na durƙusa tsakaninsa da bango. Wurin ƙunci, siminti yana min sanyi a baya. Baba yana kwance rigingine, idonsa a rufi. Na san ya ji motsina, amma bai duba ba.

“Assalamu alaikum.”

Kamar kullum, Baba ya juyar da kansa bango. Sai ya tarar da ni.

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Tsakanin fuskata da tasa bai fi tafin hannu biyu ba. Ashe idon Babana ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne, da wani farin zobe a gefe irin na tsofaffi. Ya zaro shi don mamaki. Ya yi yunƙurin kawar da kai, ya tuna wanda ke ɗaya ɓangaren, ya tsaya. Kunya ta tsare shi gaba da baya. Ni ma duk jikina cewa yake in sunkuyar da kai, tarbiyyar shekara ashirin da wani abu tana danna min wuya. Na ƙi. Na ce a hankali, “Baba, ni ce.”

“To,” ya ce.

Junaid ya durƙusa ta can ya fara gaisuwa. Ya jiki, ya ƙarfin jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai fuskar nake kallo. Ina jiran in ga goshin ya tattare, ko muƙamuƙin ya ɗaure, irin yadda yake yi da in an ambaci wanda ya cuce shi. Ban gani ba. Fatar idonsa ce ta sauka ƙasa a hankali, irin saukar da nake gani in surukan gidan wansa sun zo gaishe shi. Da Junaid ya ce an yi ruwa mai kyau jiya ta wajen Dawakin Kudu, gero ya fara kai gwiwa, sai na ga gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa. Baba da gona. Daɗi ya ji.

Ko me aka gaya masa a ƙofar masallacin nan, ba ƙin Junaid ne a fuskar nan ba. Na ganta da idona, kamar yadda ake ganin wuta a murhu.

Junaid ya shafa addu'a ya miƙe. “Bari in jira a falo,” ya ce, ya fita.

Na dafa gadon zan tashi, na kai hannu na janyo mayafina. Sai na ji an damƙe min wuyan hannu.

Hagun Baba ne. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba. Na duba fuskarsa, ta sauya gaba ɗaya. Idon ya fito, numfashinsa yana fita da sauri da wani ɗan gurnani a maƙogwaro, leɓensa yana rawa. Tsoro ne, tsoro tsirara, irin na yaron da ya farka ya ga ba kowa a ɗaki. Na rikice, na ɗauka ciwon ne ya dawo. “Baba, mene ne? Ina ne yake ciwo?”

“To. To. To.”

Na koma na durƙusa, mayafin ya zame ƙasa. Kafin in ƙirga uku numfashin ya fara daidaita. Riƙon ya sassauta, amma bai sake ni ba.

Na tsaya ina kallonsa. Wani tunani ya zo min wanda ban so ba. Allah ya yafe min, na gwada shi. Na sake kai hannu kan mayafin, na yi kamar zan miƙe. Yatsun suka nutse a fatata, idon ya sake fitowa. Na saki mayafin na zauna. Ya lafa. Ban ƙara ba, don ba sai na ƙara ba.

Ashe ba shigowar Junaid ce take juya shi bango ba kawai. Abin da yake biyo bayanta ne. Duk Juma'a yana jin sallamar nan ya san yanzu zan zari mayafi in fita, kuma ya san wata rana in na fita ba falo za ni ba. Mu muna ta cewa ai Tarauni ce, nan da nan ne, adaidaita ɗaya. Ga mutumin da ba ya iya gyara matashinsa, ƙofar ɗakin ma nisa gare ta. Yana ɓoye fuskar ne don kar in gani. Uban da bai taɓa yarda a ga ya ɗauke ni ba, ta yaya zai yarda a ga yana tsoron rabuwa da ni?

Hawaye ya gangaro daga idon ya shige matashi. Ya san na gane. Na ga ya sani, shi ma ya ga na ga ya sani. Ba mu taɓa yin hira mai tsawon wannan ba ni da shi.

Ana idar da la'asar na ji muryar Baffa a tsakar gida yana tsokanar Umma. Ban motsa ba, hannuna yana cikin na Baba, ko Junaid ban leƙa a falo ba. Na so a ba ni ko da kwana ɗaya in yi tunani. In na faɗi duk abin da na gani, na san Baffa. Zai ce a dakata sai Yaya ya samu sauƙi, likita kuwa bai taɓa yi mana alkawarin sauƙin nan ba. Mutanen Tarauni sun gama haƙurinsu. In kuma na faɗi rabi, ranar Asabar za a sa rana.

Ya yi sallama ya shigo, waya a hannunsa, Umma tana dogara bango a bayansa. Ya gan ni a lungun gado ya ɗaga gira, amma bai tambaya ba. Daga inda suke tsaye ba sa ganin hannun.

“To, Muhibbat. Me kika gani?”

Na dubi Baba. Idonsa yana kaina, bai kawar ba. Yana ji. Likita ya ce yana ji.

Na ce, “Baba bai ƙi Junaid ba, Baffa. Kunya ce.”

“Kin tabbata?”

“Na gani a fuskarsa.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Baffa. Umma ta ce, “Ai na faɗa,” ta juya don kar a ga nata farin cikin. Baffa ya fara laluben lambar kawun Junaid yana matsar da wayar nesa da idonsa.

Ban yi ƙarya ba. Ku shaida, ko kalma ɗaya ta ƙarya ban faɗa ba. Amma na ji yatsun Baba suna buɗewa daga wuyan hannuna, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba wanda ya ɓamɓare su. Ya janye hannun ya ɗora a ƙirjinsa. Ya rufe ido.

“Baba,” na ce, yadda shi kaɗai zai ji. “Baba, ka dube ni.”

Bai buɗe ba. Na tsura wa fuskar ido ina neman ko fushi, ko yafiya, ko wani abu da zan riƙe. Sakin da ya yi min, na “je ki, Allah ya yi miki albarka” ne, ko na wanda ya roƙa aka hana shi ya haƙura? Ɗazu-ɗazun nan nake karanta shi kamar allo, yanzu ya rufe, kuma da gangan ya rufe.

Wayar ta shiga. Na ji Baffa yana cewa, “Alhaji, albishirinka, Allah ya kai mu goben.” Ni kuwa ina durƙushe a lungun, ina kallon shatin yatsun Babana a wuyan hannuna yana ɓacewa.